'Yan Wasa da Ma'aikatan Bayan Fage a Fim ɗin Laifi da Bincike: Misali Daga Tamale

1.0 Gabatarwa

Yawancin masu kallon fim sukan tashi da zarar labari ya ƙare, ba sa jiran jerin sunayen da ke biyo baya. Alhali kuwa wannan jeri shi ne ke nuna yawan hannuwan da suka taru kafin fim ya kai ga idon mai kallo. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana wa ɗaliban adabin Hausa na zamani aikin kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane, tun daga mai zuba kuɗi har zuwa mai tace hoto. An zaɓi fim ɗin laifi da bincike ne domin shi ne nau'in da ya fi saurin tona asirin ma'aikaci idan ya yi sakaci. An kuma ɗauki birnin Tamale na arewacin Gana a matsayin fagen misali, saboda gari ne da ake shirya finafinai cikin harshen gida, ake kuma kallon na Hausa, ga shi dokokinsa sun bambanta da na Kano ta hanyoyin da suka shafi irin wannan labari kai tsaye.

2.0 Ma'anar Fim ɗin Laifi da Bincike

Fim ɗin laifi da bincike shi ne wanda aka gina jigonsa a kan wani babban laifi, kamar kisan kai, ko fashi, ko damfara, ko safarar mutane, sannan aka bi sawun yadda za a gano mai laifin ko yadda zai kuɓuta. Abin da ya raba shi da fim ɗin soyayya ko na barkwanci shi ne zullumi, wato halin da ake jefa mai kallo a ciki na son sanin abin da zai faru tare da fargabar faruwarsa.

Daraktan nan ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya bambanta zullumi da ba-zata ta hanyar misalin bam da aka ɓoye a ƙarƙashin tebur. Idan bam ya tashi ba tare da mai kallo ya san da shi ba, zai razana na ɗan lokaci kaɗan. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, mutanen da ke zaune a teburin kuma ba su sani ba, to kowace kalma ta hirarsu za ta riƙa tsinka masa zuciya. Ke nan ginshiƙin wannan nau'i shi ne sarrafa sani: wa ya san me, kuma yaushe ya sani. Kowane ma'aikaci da za a ambata a ƙasa yana da rabonsa a wannan sarrafawa.

3.0 Tamale da Sana'ar Fim

Tamale ita ce hedikwatar Yankin Arewa na ƙasar Gana, tana da nisan kimanin kilomita 600 daga Akra. Dagwamba su ne mafi rinjaye a garin, harshensu kuma Dagbani. Hausa ta daɗe a wannan yanki ta hanyar fataucin goro, wanda ya haɗa ƙasar Hausa da kasuwar Salaga, kuma har yanzu ana jin ta a zango da kasuwa da makarantun allo.

Tarihin fim a Gana ya faro ne daga hannun gwamnati. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya finafinai a 1948. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa kamfanin finafinai na ƙasa a 1964, sannan aka buɗe makarantar koyon aikin fim da talabijin ta NAFTI a Akra a 1978. Sauyi ya zo a 1987, lokacin da William Akuffo ya fitar da Zinabu, wanda aka ɗauka da kyamarar bidiyo. Wannan ya nuna cewa mutum ba ya buƙatar kayan gwamnati kafin ya yi fim. A 1996 aka sayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin gwamnatin ga 'yan kasuwar Malesiya, sana'ar ta koma hannun masu zaman kansu.

A Tamale, kamar a Kano, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne suka rikiɗe suka zama masu shirya finafinan bidiyo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kuma a kusan wannan zamani ne finafinan Dagbani suka fara fitowa. Binciken Wunpini Fatimata Mohammed a kan finafinan Dagbani ya nuna irin tasirin da finafinan Indiya suka yi musu, abin da Abdalla Uba Adamu ya nuna a kan na Hausa. Saboda haka masana'antun biyu suna da kamanni ta fuskar asali, da ƙarancin jari, da yadda mutum ɗaya kan riƙe ayyuka da dama.

Jigon laifi ba baƙo ba ne a finafinan Gana. Wajen 2009 an yi yayin finafinan sakawa, wato damfarar intanet da ake haɗawa da tsafi, kalmar da ake danganta asalinta da Hausa. A 2018 Kwabena Gyansah ya ba da umarnin Azali, labarin wata yarinya 'yar arewacin Gana da ta faɗa hannun masu safarar yara, ta ƙare a unguwannin marasa galihu na Akra. An yi amfani da Dagbani sosai a fim ɗin, kuma shi ne na farko da Gana ta aika gasar Oska, a 2019.

Domin sauƙaƙa bayani, za a riƙa komawa ga fitowa guda ta ƙirƙira. A ƙaddara labari ne na gungun ɓarayin babur. Da dare, a bayan kasuwar Aboabo, sun tare wani saurayi sun yi masa rauni, wata mai sayar da abinci kuma ta ga fuskar ɗayansu. Washegari sufeton 'yan sanda ya zo bincike.

4.0 Masu Aiki Kafin Ɗauka

4.1 Mai Ɗaukar Nauyi da Furodusa

Mai ɗaukar nauyi shi ne mai zuba kuɗi. Furodusa, wanda a jerin sunaye ake rubuta aikinsa da "shiryawa", shi ne mai juya kuɗin har su zama fim. Shi ke sayen labari, ya ɗauko darakta, ya daidaita da 'yan wasa a kan lada, ya kuma nemi hanyar sayarwa. A ƙananan masana'antu sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe ayyukan biyu. Fim ɗin laifi ya fi na cikin ɗaki cin kuɗi, domin yana buƙatar ɗaukar dare, da janareta, da motoci, da kakin 'yan sanda, da wurare masu yawa. Furodusan da bai yi wannan lissafi tun farko ba, shi ne wanda fim ɗinsa ke farawa da ƙarfi ya ƙare a falo ɗaya ana ta surutu.

4.2 Marubuci

A jerin sunayen finafinan Hausa akan raba "labari" da "tsara labari". Na farko shi ne mai ƙirƙiro abin da ya faru, na biyu shi ne mai yanka shi fitowa-fitowa, ya rubuta maganganu. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce shafi ɗaya na rubutu ya yi daidai da kimanin minti ɗaya na kallo.

Marubucin labarin laifi yakan fara ne daga ƙarshe. Sai ya san wanda ya yi laifin da yadda aka kama shi, sannan ya dawo baya yana shuka alamu. Idan tabon da ke hannun ɓarawo ne zai tona masa asiri, dole mai kallo ya ga tabon tun a fitowar dare, ko da bai ba shi muhimmanci ba. Rashin yin haka ha'inci ne ga mai kallo.

Haka kuma wajibi ne marubuci ya san dokar wurin da ya ajiye labarinsa. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya wajabta a gurfanar da wanda aka kama a gaban kotu cikin awa 48, ko a sake shi. Wannan kaɗai ya isa ya zama agogon da ke matsa wa sufeto lamba. Shari'ar kisan kai a Gana babbar kotu ce ke yin ta tare da mutum 7 daga cikin jama'a masu yanke ko mutum ya aikata laifin, tsarin da ba a bi a Nijeriya. Babu kotun shari'ar Musulunci mai hukunta manyan laifuka a Tamale kamar yadda ake da ita a Kano. A 2023 kuma majalisar dokokin Gana ta maye hukuncin kisa da ɗaurin rai da rai a kan laifin kisan kai. Marubucin da ya kwafo kotun Kano ya dasa ta a Tamale ya yi kuskuren da ɗan gari zai gane nan take.

4.3 Darakta

Darakta shi ne mai ba da umarni. Shi ke yanke yadda rubutu zai zama hoto: inda kyamara za ta tsaya, yadda ɗan wasa zai motsa, da abin da za a ɓoye wa mai kallo. A fitowar bayan kasuwa, yana iya nuna fuskar ɓarawo, mai kallo ya riƙa jin tsoro a madadin mai sayar da abinci duk lokacin da ɓarawon ya zo cin abinci a wurinta. Yana kuma iya nuna idon matar kawai, ya bar mai kallo cikin duhu tare da sufeto. Labari ɗaya ne, amma fim biyu ne mabambanta.

4.4 Manajan Shiri da Mai Neman Wuri

Manajan shiri shi ne mai tsara kwanaki, da sufuri, da abinci, da masauki. Ba a ɗaukar fim bisa jerin labari. Ana ɗaukarsa ne bisa wuri. Duk fitowar da ta faru a ofishin 'yan sanda, ta farkon labari da ta ƙarshensa, a rana ɗaya ko biyu ake gama su. A Tamale dole manaja ya kula da yanayi. Damina ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Hazon hunturu yana sauya launin sama daga Disamba zuwa Fabrairu. Zafin Maris da Afrilu kuma yana gajiyar da mutane da na'urori.

Mai neman wuri, wato lokeshin, shi ke samo gida ko lungu ko shago, ya nemi iznin masu shi. A fim ɗin laifi aikinsa ya wuce nan. Sai ya sanar da 'yan sanda, da mai unguwa, da shugabannin kasuwa. Dalili kuwa a fili yake: mutumin da ya fito da dare ya ga ana dukan saurayi ana ƙwace masa babur ba zai tsaya neman kyamara ba, ihun ɓarawo zai yi, kuma taron da ya amsa wannan ihu yana iya halaka ɗan wasa. Ƙasar Dagwamba ta ɗanɗana rikicin sarauta, tun daga kisan Ya-Na Yakubu Andani na II a Yendi a 2002 har zuwa naɗa sabon sarki a 2019. A irin wannan wuri ba a fito da abin da ya yi kama da bindiga a titi ba tare da sanarwa ba.

5.0 'Yan Wasa

5.1 Tauraro

Tauraro, wanda masu kallo ke kira jarumi, shi ne wanda labari ke bin sawunsa. A fim ɗin laifi yana iya zama jami'in bincike, ko ɗan jarida, ko ɗan'uwan wanda aka cuta. Yana kuma iya zama mai laifin kansa, kamar yadda Adam A. Zango ya fito a matsayin ɗan damfara a Basaja. Babban abin da ake nema ga mai taka rawar jami'in bincike shi ne iya saurare. Yawancin fitowarsa tambaya ce da jiran amsa, kuma a fuskarsa mai kallo ke karanta ko ya yarda da abin da aka faɗa masa.

5.2 Mugu

Mugu, ko bos a bakin masu kallo, shi ne ma'aunin ƙarfin labari. Idan ba shi da wayo ko kwarjini, nasarar tauraro ba ta da daraja. Wannan ne ya sa har yanzu ake tuna Amjad Khan a rawar Gabbar Singh ta fim ɗin Sholay na 1975. A finafinan Hausa, Shu'aibu Lawan Kumurci, da Tijjani Asase, da Daddy Hikima wanda aka fi sani da Abale, sun yi suna a irin wannan rawa. Rawar tana da tsada a rayuwar mai yin ta, domin akwai masu kallon da ba sa raba ɗan wasa da halin da ya fito da shi. A gari kamar Tamale, inda ɗan wasa ke sayayya a kasuwa ɗaya da masu kallonsa, wannan matsala ta fi tsanani.

5.3 Wanda Aka Cuta, da Shaidu, da Waɗanda Ake Zargi

Wanda aka cuta yakan fito na ɗan lokaci, amma idan mai kallo bai ji tausayinsa ba, ba zai damu da a kama mai laifi ba. Shaida, kamar mai sayar da abincin nan, tana ɗauke da rikicin zuci: ta faɗi gaskiya ta jefa kanta a haɗari, ko ta yi shiru. Waɗanda ake zargi bisa kuskure kuwa aikinsu shi ne su karkatar da hankalin mai kallo. Ana so su yi abin da zai jawo zargi, amma idan gaskiya ta bayyana a ga cewa halinsu yana da wani dalili na daban.

5.4 'Yan Cika Fage da Masu Wasan Kasada

'Yan cika fage su ne jama'ar da ke wucewa a kasuwa ko ke zaune a kotu. Ba sa magana, amma mutum ɗaya da ya kalli kyamara ya yi murmushi ya isa ya ɓata ɗauka. Masu wasan kasada su ne ke maye gurbin tauraro wajen faɗuwa daga babur ko tsallake katanga. Dambe a fim rawa ce da ake koya taki-taki: naushi yana wucewa ne ta gefen fuska, kusurwar kyamara da sautin da za a ƙara daga baya su ne ke sa a ga kamar ya sauka.

5.5 Zaɓen 'Yan Wasa

Furodusa yakan so sananniyar fuska domin kasuwa, darakta kuma yakan so wanda ya dace da rawa. Wani lokaci sabuwar fuska ta fi amfani. Asana Alhassan, wadda ta fito a matsayin Amina a Azali, ba sananniya ba ce kafin fim ɗin. Abraham Attah bai taɓa yin fim ba kafin Beasts of No Nation, wanda aka ɗauka a Gana, amma ya ci kyautar matashin ɗan wasa a bikin finafinai na Benis a 2015. A fim ɗin bincike akwai ƙarin dalili: idan aka ba wanda kullum ke fitowa a mugu rawar mai laifin da ake ɓoyewa, mai kallo ya gama warware labari tun daga fosta. A Tamale kuma akwai batun harshe. Rawar Bahaushen zango tana buƙatar mai Hausar zango, ba mai Hausar Kano ba, haka rawar dattijon Dagwamba tana buƙatar wanda ya san gaisuwa da ladabin fada.

6.0 Ma'aikatan Fagen Ɗauka

6.1 Mataimakin Darakta

Shi ne mai riƙe da agogo. Shi ke kiran 'yan wasa, ya tsara 'yan cika fage, ya sa a yi shiru, ya tabbatar an gama fitowar ranar kafin haske ya tafi. A manyan masana'antu lafiyar mutanen da ke fagen tana wuyansa.

6.2 Mai Ɗaukar Hoto da Mai Haske

Mai ɗaukar hoto shi ke zaɓar girman hoto da kusurwa. Hoto mai faɗi yana nuna wuri, hoto na kusa yana nuna tsoro ko ƙarya a fuska. Kyamarar da aka riƙe a hannu tana girgiza, ta dace da gudu a lungu. Wadda aka kafa a kan ƙafa ta dace da ɗakin tambayoyi. Akwai ƙa'idar da ake kira ta digiri 180: idan mutum biyu suna fuskantar juna, ko wani yana bin wani, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin da ya haɗa su. Idan ta tsallaka, sai a ga kamar ɓarawo da mai bin sa sun nufo juna.

Mai haske shi ke ƙirƙirar dare. Duhun fim ba rashin fitila ba ne. Haske ne da aka karkatar ya bar rabin fuska a inuwa. Ana so kuma hasken ya yi kama da wanda ke da tushe a wurin, kamar fitilar mai shayi ko ta babur. Wahalar wutar lantarki da Gana ta sha tsakanin 2012 da 2016, wadda aka yi wa laƙabi da dumso, ta nuna wa masu sana'ar cewa janareta ba abin da za a bari a baya ba ne.

6.3 Mai Ɗaukar Sauti

Sauti shi ne inda ƙananan finafinai suka fi rauni. Mai kallo yana jure hoto marar kyau, amma ba ya jure maganar da ba ya ji, balle a labarin da kalma ɗaya ta shaida ke iya zama mabuɗi. Tamale gari ne na babura, ga lasifikan masallatai da na shaguna, ga ƙarar janaretan mai haske. Saboda haka mai sauti yakan sa a kai janareta nesa, ya rataya makirfo a kan sanda kusa da bakin ɗan wasa, ya kuma naɗi amon wurin na minti ɗaya ba tare da magana ba, domin edita ya cike giɓi da shi.

6.4 Sutura, Kwalliya da Kayan Wasa

Mai sutura yana bayyana matsayin mutum kafin ya buɗe baki. Rigar saƙi ta arewacin Gana, da babbar riga, da kakin ɗan sanda, kowanne yana da saƙonsa. Kaki da alamun muƙami dole su dace da na rundunar ƙasar, kuma a nemi izni kafin a sa su a titi, domin yin sojan gona laifi ne. A fitowar da za a zubar da jini ana tanadar riga iri ɗaya biyu ko uku, saboda maimaita ɗauka. Mai kwalliya shi ke yin rauni da jinin ƙarya, wanda akan haɗa da ruwan sukari mai kauri da launin abinci. Dole ya san cewa ƙurji yana sauya launi da kwanaki, jini kuma yana yin duhu idan ya bushe.

Mai kayan wasa shi ke tanadar waya, da ankwa, da takardu, da makamai. Nan ne haɗari ya fi yawa. A 1993 Brandon Lee ya mutu a fagen ɗaukar The Crow sakamakon harbi da bindigar da ba a duba ta da kyau ba. A Oktoba 2021 harsashi na gaske ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a fagen fim ɗin Rust a Amurka, kuma a 2024 kotu ta ɗaure mai kula da makaman fim ɗin wata 18. Darasin ga ƙananan masana'antu shi ne a yi amfani da bindigar roba ko ta katako da wuƙa marar kaifi, a ƙara walƙiya da ƙara a kwamfuta. Aron bindigar gaske daga maharbi ko jami'in tsaro ganganci ne.

6.5 Mai Kula da Ci Gaban Shiri

Wannan shi ne wanda 'yan fim ke kira kwantiniti. Tun da ba a ɗaukar fim a jere, shi ke rubuta hannun da aka ɗaure da bandeji, da launin babur, da lokacin da agogon bango ya nuna. A fim ɗin soyayya, idan tabo ya koma daga hannun dama zuwa na hagu, abin dariya ne kawai. A fim ɗin bincike kuwa mai kallo zai ɗauka alama ce, ya gina zato a kanta, labari ya rushe.

7.0 Masu Aiki Bayan Ɗauka

Edita, wanda ake rubuta aikinsa da "tace hoto", shi ne marubuci na ƙarshe. Shi ke yanke tsawon kowane hoto. Gajerun yanka suna sa gudu ya yi zafi, dogon hoto marar yanka yana sa jira ya yi nauyi. Yana kuma iya haɗa wurare biyu, a riƙa nuna sufeto a hanya da ɓarawo yana dosar rumfar shaida, har mai kallo ya ƙagu. Bayansa sai mai haɗa sauti, wanda ke ƙara takun ƙafa, da ƙarar ƙofa, da saukar naushi, sai mai kiɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika fim da kiɗa daga farko zuwa ƙarshe, alhali shiru kafin hari ya fi kowane kiɗa tsoratarwa. Akwai kuma mai fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto, wanda shi ne gadar da fim ɗin Dagbani zai bi ya isa Kumasi, ko na Hausa ya isa ga wanda ba ya jin harshen.

Daga nan sai hukuma. A Gana, doka mai lamba 935 ta 2016 ita ce ta tanadi Hukumar Finafinai ta Ƙasa da tsarin rarraba finafinai bisa shekarun masu kallo. A Kano, an kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma a 2021 ta ba da sanarwar hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane, da shaye-shaye, da ƙwacen waya. Hujjar masu hanawa ita ce matasa suna koyon dabarun laifi daga fim. Hujjar masu shiryawa kuwa ita ce ba a yi wa al'umma gargaɗi a kan cutar da aka hana ambata. Tsakanin hujjojin biyu akwai aikin gwaninta: ana iya nuna abin da laifi ya jawo wa iyali ba tare da an koyar da yadda ake tayar da babur ba mabuɗi ba.

8.0 Haɗa Ayyuka a Hannu Ɗaya

Babban fim na Amurka ko Indiya yana ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata. A Tamale da Kano adadin bai kai ko kusa ba, kuma ba abin mamaki ba ne a ga mutum ɗaya shi ne furodusa, shi ne marubuci, shi ne tauraro. Dalilin shi ne kasuwa. Kaset da faifai sun ba da hanya ga tura finafinai a waya da ɗora su a YouTube, satar fasaha kuma ta rage abin da ke komawa aljihun furodusa. Haɗa ayyuka ba aibi ba ne a kansa. Cary Fukunaga shi ya rubuta Beasts of No Nation, ya ba da umarni, ya kuma ɗauki hoto. Sai dai akwai ayyukan da ba su haɗuwa. Wanda ke gaban kyamara ba zai iya lura da ci gaban shiri ba, wanda hankalinsa ke kan wasan 'yan wasa kuma bai kamata a bar masa duba makami ba.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa fim ɗin laifi da bincike aiki ne na sarrafa abin da mai kallo ya sani, kuma wannan sarrafawa ta ratsa hannun kowa: marubuci ya shuka alama, darakta da mai ɗaukar hoto su nuna ta ba tare da sun yi mata nuni ba, ɗan wasa ya riƙe sirrinta, mai kula da ci gaban shiri ya kare ta daga sauyawa, edita ya ajiye ta a daidai lokacinta. An kuma ga cewa wasu ayyukan, kamar neman izni da kula da makamai, sun shafi rayukan mutane. Saboda haka ɗalibin da zai yi nazarin fim ɗin Hausa ko na Dagbani bai kamata ya tsaya a kan jigo da tauraro kaɗai ba. Ya dace ya karanta jerin sunayen ƙarshe, ya lura da aikin da aka ba mutum na musamman, da wanda aka haɗa da wani, da wanda babu shi sam, sannan ya koma cikin fim ɗin ya nemi inda aka ga tasirin hakan.